Manomin da Ya Gina Masallacin Yama, da 'Yan'uwansa na Tambuwal da Kebbe

Al'adar malamanmu ce tun zamanin da, idan baƙon almajiri ya zauna a zaure ya sa baki cikin wata mas'ala, kafin a dubi daidai ko kuskuren abin da ya faɗa, sai an tambaye shi wurin wa ya yi karatu, shi kuma malamin nasa daga wa ya karɓa, har a bi silsilar a kai ta ga wani shaihi wanda kowa ya sallama masa. Wannan ɗabi'a ba ta tsaya ga ma'abota littafi kaɗai ba, gama maƙera da majema da dukawa da magina su ma haka suke yi, illa dai tasu tambayar gajeriya ce: gado ne ko haye? In aka ce gado ne, an gama magana, sai a matsa wa mutum wuri a tabarma. In kuwa aka ce haye ya yi, to, ko da aikin hannunsa ya fi na kowa kyau, ba a rasa wanda zai taɓe baki ya kira shi shigege.

Ba na ganin laifin wannan tsari baki ɗaya, domin da shi ne aka tsare sana'o'inmu daga 'yan algus, da shi ne kuma jar fatar akuyar Sakkwato ta yi suna har bayan hamada. Ibnu Khaldun ma, cikin Muƙaddimarsa, ya tafi a kan cewa sana'a ba ta samuwa sai da mai koyarwa, kuma ba ta zama jiki sai da yawan maimaici. Amma duk wanda ya zauna da mutane ya san akwai wani jinsi na masu fasaha waɗanda in ka tambaye su maigidansu sai su yi shiru, ba don girman kai ba, sai don ba su da sunan mutum guda da za su ambata. Malamansu sun warwatsu cikin kasuwanni da tashoshin mota da bangayen garuruwan da suka ratsa, sun karɓi darasi a wurinsu da ido, alhali su malaman ba su ma san suna karantarwa ba. Irin waɗannan bayin Allah nake so mu yi nazarin rayuwarsu, musamman mu mutanen kudancin Sakkwato, daga Tambuwal da Dogon Daji da Jabo da Sanyinna har Kebbe da Kuchi, gama muna da su birjik, kuma ba mu riƙe su da daraja ba.

Yadda abin ke farawa kusan iri ɗaya ne ko'ina. Yaro ne za ka ga ba ya iya wuce gawayi bai ɗauka ba, ba ya iya ganin bangon da aka shafe da farar ƙasa bai bar masa alama ba, kuma sau da yawa ladansa na farko bulala ce. In damina ta sauka, sa'o'insa na wasan ƙasa su watse, shi yana nan bakin fadama yana murza laka yana fitar da bijimi da tozonsa da ƙahoninsa. In kaka ta yi, ya fere ɓargon kara ya haɗa mota da ƙafafunta da fitilunta, har manya su tsaya suna dubawa kafin su tuna cewa kamata ya yi su yi masa faɗa. A makarantar allo kuwa, shi ne wanda rubutunsa ke fita daban, shi ake ba alƙalami ya fiƙe, shi ya san yawan ƙaron da tawada ke so don kada ta yi ruwa ko ta yi kauri; ran da kuwa aka tashi saukar karatu, aka nemi mai yi wa allo zayyana, sai a ga duk idanu sun koma kansa. A nan ne galibi yake fara gane cewa abin nan da ake dukansa dominsa, akwai inda ake nemansa, har a sa masa albarka.

Zayyana ita ce babbar makarantar masu zane a ƙasar Hausa, ko da yake ba a kiranta da wannan suna. Wanda ya taɓa zama kusa da mai yin ta ya ga abin ta'ajibi: allo a kan cinya, ƙananan kurtuna a gefe, wannan na baƙi, wannan na ja, wannan na ruwan ɗorawa, wannan na tsanwa, ba ma'auni a hannunsa sai zare ko tsinke, amma ya raba fuskar allon gida-gida ba wanda ya ɗara wani, ya ja layi ya lanƙwasa shi ya cusa shi ƙarƙashin ɗan'uwansa ya fito da shi ta wancan gefe, har ido ya gaji da bi bai ga inda aka fara ba. Hisabi ne tsantsa da handasa, waɗanda mai yin su bai taɓa jin sunansu ba. Wannan ƙa'ida ta layin da ke shiga yana fita ita ce dai za ka tarar a dagin da ke bisa ƙofar zaure, da aska takwas ta gaban riga, da zanen da ake yi wa ƙwarya da wuƙa mai zafi, da adon da baduku ke fitarwa a jikin titimi da kube, da launin da mata ke jerawa a faifai. Shi ya sa mai irin wannan baiwa da wuya ya tsaya ga abu guda. Yau ka gan shi da allo, gobe da fata, jibi a kan tsani yana yi wa wani alhaji shafen gaban gida.

Akwai wata mas'ala da ba ta yiwuwa a tsallake ta, tun da ita ce ke fara tsaya wa irin wannan yaro a rai da zarar ya yi hankali, wato hukuncin sura. Mashhurin zance wurin fuƙaha'un mazhabar Imamu Malik, wadda ita ce ta ƙasarmu, shi ne cewa abin da aka haramta shi ne siffar mai rai wadda take da jiki har tana yin inuwa, gaɓoɓinta kuma cikakku. Wadda aka zana a shimfiɗe bisa bango ko takarda, sun sanya ta babin karhanci. Amma itace da fure da gini da jirgi da duk abin da ba shi da rai, babu laifi gare su. Akwai malaman da suka tsananta fiye da haka, kuma mai son tsare addininsa sai ya nemi fatawa wurin wanda ya amince da ilminsa. Abin da ya kamata mu lura da shi shi ne, wannan iyaka ba ta kashe fasahar Musulmi ba ko kaɗan. Juya ta ta yi zuwa ga rubutu da lissafin siffofi da gini, har aka sami abin da aka samu daga Andalus zuwa Hindu. A Tambuwal, garin da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna ribaɗi, ya bar gadon ilmi da waƙa, bai dace a ce an jahilci wannan bambanci ba, har a riƙa yi wa kowane mai riƙe da burushi kallon mai saɓo.

In yaron nan ya girma a zamaninmu, mafi yawa tasha ce ke karɓarsa. Ku tsaya wata rana inda ake gyaran manyan motoci a kan hanyar Sakkwato zuwa Jega, ku dubi mai fenti yana aiki a bayan bodin katako. Gwangwanayen madara ne kurtunansa, burushinsa wani na kanti ne wani kuwa shi ya ɗaura abinsa, ya rage gashin da reza har ya yi tsinin da yake so. Ba ya fara zana komai sai ya ja da baya ya ƙare wa allon motar kallo, sa'an nan ya ɗauki alli ya ɗiga nan ya ɗiga can. Daga waɗannan ɗigo-ɗigo ne masallaci zai fito da ƙubbarsa da hasumiyoyinsa, ko dabino biyu da rana tana faɗuwa tsakaninsu, a ƙasa kuma a rubuta addu'a ko karin maganar da mai motar ya zaɓa. Yana riƙe da numfashinsa in zai ja dogon layi, ɗan ƙaramin yatsansa na dogare da katakon don kada hannu ya yi rawa. Motar nan za ta je Legas ta je Agadas, dubban mutane su ga aikin, amma ba mai tambayar wa ya yi shi, shi ma bai sa sunansa ba.

To, domin a san iyakar inda irin wannan baiwa ke iya kai mutum idan ta sami wuri, sai mu ƙetare iyaka. Wanda ya tashi daga Tambuwal ya bi ta Shagari da Boɗinga ya shiga Sakkwato, ya miƙe ta Gwadabawa da Illela ya faɗa Birnin Ƙonni, ya kama hanyar Tawa, to, ya shiga ƙasar Adar cikin Jamhuriyar Nijar. Kuma ba baƙuwar ƙasa ya je ba, gama Adarawa 'yan'uwanmu ne, harshensu da namu kusan ɗaya, kuma kasuwanninmu sun san su tun kaka da kakanni. A can akwai wani ƙauye da ake kira Yama, a cikinsa kuwa aka yi wani mutum, Alhaji Falke Barmu, manomi, wanda in an kawar da amfanin gona yakan kama gini. Bai shiga makarantar koyon tsara gine-gine ba, ba shi da takardar shaida ta kowace hukuma, amma yau masallacin da ya gina wa ƙauyensu yana cikin littattafan da ake karantar da injiniyoyi da su a ƙasashen duniya.

A shekarar 1962, wato shekara biyu bayan Nijar ta sami mulkin kai, dattawan Yama suka yanke shawarar gina masallacin Jumma'a, suka ɗora wa Falke jagorancin aikin. Ba kwangila aka bayar ba, gayya aka yi: mai ƙarfi ya kwaɓa ƙasa ya yi tubali, wasu suka ɗebo ruwa, wasu suka nemo itace, mai hatsi ya ba da hatsi, mai kuɗi ya ba da gwargwadon hali. Abin da ya fito daga wannan aiki na farko ba wani abin mamaki ba ne: ɗaki ne mai kusurwa huɗu, da layukan ginshiƙai suna ɗauke da shimfiɗaɗɗen rufi, da mihrabi da ya ɗan fito waje ta alƙibla. Da Falke ya rasu a wannan lokaci, ko da ya tafi cin rani bai komo ba, da ba wanda zai ji sunansa bayan ƙauyukan da ke maƙwabtaka da su. Na ambaci wannan ne domin masu gaggawar yanke wa matashi hukunci da aikinsa na fari.

Aka yi shekara goma sha biyu ana salla a ciki, har rufin ya fara neman gyara. A 1975, ƙasar ba ta daɗe da fita daga babban farin nan na 1973 da 1974 ba, wanda ya karkashe dabbobi ya tarwatsa garuruwa, mutanen Yama suka sake kiran magininsu. A nan ne aka ga cewa shekarun nan da suka wuce ba a banza suka wuce masa ba. Maimakon ya mayar da rufin yadda yake, sai ya ɗora shi bisa bakan gizo, ya kuma tayar da ƙubba a tsakiya, ya mai da ɗakin da dā yake a danne ya zama mai sarari, wanda in mutum ya shiga sai idonsa ya tashi sama.

Ya kamata mai karatu ya san abin da ake nufi da bakan gizo a ginin ƙasa, don ya gane nauyin abin da mutumin nan ya ɗauka. Maginin Hausa ba ya kafa wani katako a ƙasa ya tallafi bakan har ya bushe, kamar yadda masu siminti ke yi. Daga jikin bango ko ginshiƙi yake dasa itace, azara in akwai ta, ya karkato da ita kaɗan zuwa ciki, ya ɗaure da igiya, ya lulluɓe da ƙasar da aka cuɗa da ciyawa ta kwana ta ruɓa. Sai ya dakata har ta bushe ta yi ƙarfi, sa'an nan ya ɗora wani itacen a bisa na farko, ya ƙara karkatowa, haka nan daga wancan gefe ma, hawa-hawa, har hannuwan nan biyu su gamu a sama su riƙe juna. In ya yi gaggawa ya ɗora a kan ɗanye, ya rushe. In ya karkato fiye da kima, ya rushe. In wannan gefe ya rinjayi wancan da nauyi, ya rushe, kuma a kan masallata zai rushe. Babu takarda, babu alƙaluman lissafi. Ma'auninsa kamu ne da taki da igiya, sauran kuwa yana cikin ido da tafin hannu, wanda ke taɓa ƙasa ya san ko ta ƙoshi da ruwa. Ga shi kuma Adar ƙasa ce mai ƙarancin manyan itatuwa, dole magini ya yi dabara da abin da daji ya ba shi. Wanda duk ya ce wannan ba ilmi ba ne, to, bai san ma'anar ilmi ba.

Daga 1978 zuwa 1982 ya yi aikin da ya fitar da shi daga sahun magina ya sa shi cikin sahun masu hikima: ya tayar da hasumiya huɗu, ɗaya a kowace kusurwa, kuma babu wadda ta yi kama da 'yar'uwarta. Kowace tana da faɗi a gindi, tana tsukewa tana hawa, an yi mata ɗamara-ɗamara a jiki, an huda mata tagogi ƙanana, an ƙawata kanta da irin nata ado. Wanda ya koyi gini a makaranta, abin da za a fara cusa masa shi ne dama ta yi daidai da hagu, kuma da wuya ya yi ƙarfin halin saɓa wa wannan. Falke kuwa ya ɗauki kowace hasumiya a matsayin aiki mai zaman kansa, abin da ya gano a ta farko ya ƙara shi a ta biyu, abin da bai gamsar da shi ba ya sake masa hanya a ta gaba. Duk da haka in ka tsaya nesa ka dube su tare, ba ka cewa ba hannu ɗaya ya yi su ba. A ganina wannan ita ce alamar wanda ya koya da kansa: ba shi da wanda zai yi wa taƙlidi, saboda haka tilas ya yi ijtihadi, kuma aikinsa yakan nuna tarihin tunaninsa a fili, mataki-mataki, ba a ɓoye kome ba.

Shekara ashirin ke nan daga tubalin farko zuwa kan hasumiya ta ƙarshe. Ina roƙon mai karatu ya tsaya a kan wannan adadi, domin a nan asirin yake. Baiwa daga Allah take, ba wanda ya isa ya saya ko ya sayar. Amma baiwar Falke ba za ta bayyana ba in da jama'arsa ba su ba shi bango ba, suka kuma ba shi lokaci, suka yi haƙuri da shi yana gwadawa, suka sake kiransa karo na biyu da na uku, alhali suna da ikon su ce a nemo wani daga birni. Mutanen Yama suna da rabo cikin kowane yabo da aka yi masa.

A shekarar 1986 aka ba masallacin Yama lambar girma ta Aga Khan, wadda aka kafa a 1977 domin fitattun gine-gine na al'ummar Musulmi, ana kuma bayar da ita bayan kowace shekara uku. A birnin Marrakish na ƙasar Maroko aka yi bikin, kuma cikin ayyuka shida da aka zaɓa a wannan karo har da gyaran Masallacin Ƙudus, da raya tsohon garin Mostar, da masallacin Bhong na Pakistan. Ku dubi wannan jeri, sa'an nan ku tuna cewa ɗaya daga cikinsu aikin manomin ƙauye ne Bahaushe, da ƙasa da ciyawa da itace. Ba shi ne kuma na farko daga yankinmu ba, gama a 1983 an ba masallacin Niyono na ƙasar Mali, wanda magini Lasina Minta ya gina, irin wannan lamba.

Labarin bai ƙare a nan ba. A wani gari na jihar Tawa mai suna Dandaji akwai wani masallacin ƙasa wanda shi ma tsarin Falke ne, ya tsufa, ya kuma yi wa jama'a kaɗan. Maimakon a rushe shi, sai wasu mata biyu masana tsara gine-gine, Mariyam Isufu Kamara 'yar Nijar da Yasaman Isma'ili 'yar Iran, suka tsara sabon masallaci babba kusa da shi da tubalin ƙasa da ake matsewa da inji, tsohon kuwa aka gyara shi aka mai da shi ɗakin karatu, aka kuma gayyato maginan da suka yi aikinsa tun farko suka sa hannu cikin gyaran. An kammala a 2018, aka sa wa wurin suna Hikima. Masu digiri sun zo sun zauna gaban aikin wanda ba shi da digiri sun ɗauki darasi, kuma wannan bai rage su da kome ba.

Mu a Nijeriya ba mu rasa irin waɗannan ba, sai dai wanda aka rubuta sunansa shi ya tsira. An san Muhammadu Durugu, Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Jumma'a na Zariya zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, domin sarakuna ya yi wa aiki, zuriyarsa kuma ta riƙe sarautar magina. An san Ladi Kwali, wadda ta koyi ginin tukwane wurin gwaggonta kafin ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane ta Michael Cardew a Abuja ta dā, wato Suleja, a 1954, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, yau kuma hotonta na bayan takardar naira 20. An san Musa Yola, mai zanen bango a ƙasar Zazzau, saboda David Heathcote, wani malami Bature a wannan jami'a, ya bi aikinsa ya rubuta. Heathcote ne kuma ya shirya nunin fasahar Hausawa a Landan a 1976. Ko a fagen waƙa, Mamman Shata haye ya yi, bai gada ba, kuma ba a yi wanda ya kama ƙafarsa ba. Abin da ke ci mini rai shi ne, in ka cire waɗanda fada ta riƙe, mafi yawan sauran sai da baƙo ya zo daga nesa ya nuna mana su kafin mu waiwaya.

Yanzu mu komo gida. A Tambuwal da Kebbe da ƙauyukansu, tsofaffin zauruka masu tulluwa da zankwaye suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, wasu damina ta kayar, wasu kuwa masu su ne suka sa aka rushe don a yi na bulo da kwano. Ba na zargin kowa da son gidan da ba ya bukatar yaɓe kowace shekara. Wanda ya kwana yana tarar ɗigon ruwa da ƙwarya ya san dalilinsa, kuma makuba da katsi da laso, waɗanda dā ake kare bango da su, masu sanin haɗinsu sun yi ƙaranci. Amma akwai bambanci tsakanin sake gida da shafe tarihi. Ana rushe zauren da wani gwani ya ƙare basirarsa a kai, ba a ɗauki hotonsa ba ko da da wayar hannu, ba a tambayi tsofaffin unguwa sunan wanda ya gina shi ba. Shekara kaɗan, tsofaffin su ma su kau, shi ke nan an binne mutum sau biyu. Mai fentin tasha kuwa, injin buga manyan hotuna a leda ya karɓe masa allunan shaguna da na 'yan siyasa, har da yawa cikinsu sun ajiye burushi sun hau kabu-kabu. Yaron da ke zane a bayan littafinsa na makaranta, har yau abin da yake ji shi ne ya bar wasa ya yi karatu, kamar dai wannan ba karatu ba ne.

Ba kuɗi masu yawa ake bukata ba kafin a gyara wannan. Kwamitin masallaci da zai yi sabon gini, me zai hana ya bar wa gwanin garin mihrabi da fuskar ƙofa ya ƙawata su da hannunsa, maimakon a liƙa tayil irin wanda ke kowane gari? Shugaban makaranta yana da bangaye da yawa da ke tsaye fari fat, yana kuma da ɗalibi ko biyu da hannunsu ke ƙaiƙayi. Hakimai da dagatai, waɗanda su ne iyayen ƙasa, suna iya sa a bi unguwa-unguwa a rubuta sunayen magina da masu zayyana da dukawa da masu zanen ƙwarya, rayayyu da waɗanda suka riga mu, da inda aikin kowanne yake. Ɗalibanmu da ke Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Kwalejin Ilmi ta Shehu Shagari kuwa, ga abin bincike nan a ƙofar gidansu. Attajirin da zai ba da aiki, ya biya ladan aiki cikakke a kan lokaci, gama yabo ba ya sayen fenti.

Ku kuma iyaye, ku ne farkon masu hukunci. In Allah ya ba ku yaro mai irin wannan hannu, ku tsare masa karatunsa na addini da na zamani, ku nuna masa iyakar da shari'a ta gindaya, sa'an nan ku saya masa takarda da launi, ku kai shi wurin mai zayyana ko magini ko baduku na kirki ya zauna ya gani. In kuma ya yi aiki, ku ce masa ya rubuta sunansa da shekara a gindinsa.